Ma'ajin Makaranta da Tsohon Littafinsa

Duk makarantar kuɗi da ka shiga a Gumel, ko 'yar ƙaramar Islamiyya ce ko sakandare, za ka tarar da wani ɗan ɗaki kusa da ƙofa wanda iyaye ba sa son a aika musu su zo cikinsa. Tebur ne da kujeru biyu, da kabad mai kwaɗo, da damin rasit. Mai zama a nan shi ne ma'aji. Ba ya riƙe alli, amma albashin duk mai riƙe alli ta hannunsa yake biyowa, haka kuɗin ruwa da na gyaran kwano idan iskar farkon damina ta yaye shi.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Babban littafi ne mai bangon kwali, kowane yaro da layinsa: suna, aji, abin da aka kawo, abin da ya saura. Yanzu waya ta shigo, ana turo kuɗi ta banki, amma ban ga ma'ajin da ya saki littafin ba. Waya takan faɗa ruwa, littafi kuwa yana nan a kabad.

Lissafi kowa zai iya koya a wata guda. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Zangon farko yana buɗewa a Satumba, daidai lokacin da dukiyar manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar take tsaye a gona. Ma'ajin da ya matsa a wannan watan ɓata bakinsa kawai yake yi. Sai riɗi ya fita, an tsinke zoɓo, wake ya shiga buhu, sannan yake miƙewa, shi ya sa zango na biyu ne kakarsa. Na uku kuwa yana faɗowa cikin bazara, rumbu ya yi ƙasa, ga taki da iri suna jira. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ƙarshen wata ake tararsa. Dillalin shanu kuma ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ita ce ranarsa, don haka da yammacin ranar ko safiyar Juma'a ake leƙa shi kafin kuɗin ya watse. Da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kara ta yi sanyi, kuma duk abin da ya taɓa kara sai ya biyo ta teburin ma'aji.

Yadda ake tambaya ma sana'a ce. A fara da 'yar takarda a jakar yaro, a bi da waya, sannan a taka har ƙofar gida bayan La'asar. Ba a faɗa wa magidanci a gaban mutane cewa ana bin sa. Sai an gama gaisuwa, an tambayi iyali da gona, ma'aji ya sassauta murya: "Alhaji, dama kan 'yar maganar nan ta yara ce." Shi kuma ya ce, "Malam, wallahi tana raina, a ƙara mini haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa." Ƙwararre yakan gane daga wannan amsa ko rashi ne ko taurin bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai rashi yakan kawo ko rabi ne da kansa, mai taurin bashi kuwa sai ya cire yaron ya kai shi wata makarantar.

Nan ake samun tsohon bashi. Yaro ya tafi, layinsa yana nan. Shekara bakwai ko goma sai ga saurayi da gemu ya yi sallama, yana neman takardar shaidarsa don zai shiga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko ana ɗaukar 'yan sanda. Ma'aji ya jawo littafin wancan zamani, ya kaɗe ƙura, ya nuna masa zango biyu da mahaifinsa bai biya ba.

To, bashi yana tsufa har ya mutu? A dokar boko yana da wa'adi. Kuɗin makaranta yarjejeniya ce tsakanin uba da makaranta, kuma dokokin ƙayyade lokacin shigar da ƙara suna rufe ƙofar kotu ga irin wannan bashi bayan wasu shekaru: 6 a Legas da Abuja, 5 a wasu jihohi irin su Ribas. Ana ƙirgawa daga ranar da biya ya wajaba. Idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ko ya biya wani abu daga ciki, ƙirgen yakan koma farko. Ko a nan ɗin ma, damar kai ƙara ce ke faɗuwa, bashin kansa yana nan. A wajen malamanmu kuwa haƙƙin da ya tabbata ba ya faɗuwa don an daɗe. Hauzi, wato shekara goma da ake ambata a mazhabar Malikiyya, maganar riƙon gona ko gida ce a gaban idon mai ita, ba ta shafi rance da amana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, kuma kafin ita kaɗan aka yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ma'aji na kirki da duka biyun yake aiki.

Gaskiya, kotu ba hanyarsa ba ce, don kuɗin lauya kan fi bashin. Haka kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral, waɗanda dokar 2017 ta tsara aikinsu, da bankuna suka fi hulɗa. A Amurka baƙin tabon rashin biya yakan goge daga irin wannan rajista bayan shekara bakwai. A Gumel rajistar ita ce bakin mutane: masu makarantu sun san juna, mai shago ya san wanda ya gudu da kuɗin taki, kuma wannan rajista ba ta da ranar gogewa. Amma abin ya fara canjawa daga sama. Ɗalibin da ya karɓi rancen karatu na NELFUND, wanda aka sa hannu a dokarsa a Afrilun 2024, da lambar BVN da ta NIN ya karɓa, kuma ana sa ran ya fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu. Wannan bashi nasa ne, da sunansa, zai bi shi duk garin da ya koma.

Abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba shi ne riƙe takardar yaro a matsayin jingina. Na san hujjar masu makaranta, kuma tana da nauyi: malamar aji ɗaya ta koyar da yaron wata shida, ita ma tana da bakunan ciyarwa, idan aka saki takarda babu sauran abin riƙewa. Sai dai yaro ɗan shekara goma sha biyu bai ci bashin kowa ba. Takardar da aka kulle a kabad ita ce za ta ba shi aikin da zai biya da shi. Ma'ajin da ya san aikinsa yakan shiga tsakani, ya je wa mai makaranta da shawara: a rage, a raba biyan kashi-kashi, a nemo kawu ko mai unguwa ya tsaya masa, a rubuta, a ba shi takardarsa ya tafi. Sau da yawa irin wannan saurayi shi ke dawowa da kansa da albashinsa na farko.

Akwai kuma ranar da tsohon littafi ke fita ba tare da ma'aji ya nema ba. Idan magidanci ya rasu, a wajen jana'iza ake shelanta cewa duk mai bin sa ya zo ya faɗa, domin ba a raba gado sai an sauke bashi. Bayan kwana biyu sai babban ɗa ko ƙanen mamaci ya zo ɗan ɗakin nan, ya ce, "Malam, a duba mana ko Baba yana da saura a nan." Ma'aji ya yi masa gaisuwar rashi, ya buɗe kabad, ya bi shekarun da yatsa har ya kai kan sunan. Wani lokaci ya ƙirga kuɗin ya yanka rasit. Wani lokaci ya tashi ya shiga wajen mai makaranta, ya jima, ya dawo ya ɗauki jan biro ya ja layi a kan adadin, ya rubuta a gefe: an yafe.