Jirgin da ya faɗi bai kama da wuta ba

Masu aikin ceto da suka isa Cove Neck, wani ƙaramin ƙauye a tsibirin Long Island, a daren 25 ga Janairun 1990, sun tarar da jirgin sama ƙirar Boeing 707 a tarwatse a gefen tudu, cikin bishiyoyi. Mutum 73 ne suka rasu daga cikin 158 da ke ciki. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne babu wuta. Jirgi mai inji huɗu ya daki ƙasa, amma ko hayaƙi bai tashi ba.

Da aka duba tankunan mai, sai aka tarar kusan a bushe suke. Mai ne ya ƙare wa jirgin Avianca mai lamba 52, wanda ya taso daga Bogota ta ƙasar Kolombiya, ya yada zango a Medellin, ya nufi filin jirgi na Kennedy a New York. Rashin man da ya kayar da shi, shi ne kuma ya hana gobara cinye mutum 85 da suka tsira.

To, yoyo tankin ya yi? A'a. An yi masa ƙwauron mai tun daga gida? Shi ma a'a, an zuba masa abin da zai kai shi har da rara. Rarar ce ta tafi a shawagi. Ranar ana ruwa da hazo da iska a gabashin Amurka, jirage sun yi cincirindo, aka tsayar da shi a sama har sau uku, jimilla minti 77 yana kewaye yana jiran layi.

Nan ne maganar ta ƙara rikicewa. Jirgin da mansa ya yi ƙasa ana ba shi hanya nan take, a kawar da kowa daga gabansa. Me ya sa matuƙan ba su faɗa ba?

Sun faɗa. Na'urar naɗar magana ta nuna haka. Mataimakin matuƙi, wanda shi ke magana da jami'an kula da zirga-zirgar jirage da Turanci, ya ce suna buƙatar a ba su fifiko, ya kuma ce mansu ba zai kai su Boston ba, inda aka tsara su sauka in Kennedy ya gagara. Jami'in da ya ji wannan bai isar da batun Boston ga wanda ya karɓi jirgin daga hannunsa ba. Da suka zo sauka, iska mai juyawa ta hana su, suka sake ɗagawa sama. A lokacin ne kyaftin ya umarci mataimakinsa da Sifaniyanci ya sanar cewa suna cikin halin gaggawa. Mataimakin ya danna rediyo ya ce mai yana ƙare musu. Kyaftin ya tambaye shi ko ya faɗa, ya ce ya faɗa.

A ganina bai yi ƙarya ba. Duk mai hankali zai ɗauka cewa wanda ya ce mansa na ƙarewa a sararin sama ya gama neman ɗauki. Amma Turancin hasumiyar kula da jirage ba na hira ba ne. Jami'in yana da jirage da dama a kunnensa, kusan kowa ya gaji da jira, kowa yana kallon ma'aunin mansa. Kalmomin da ke sa shi ya ajiye komai ƙididdigaggu ne: "emergency", ko "Mayday" da ake maimaitawa sau uku. Mayday ɗin ma ƙirƙirar ta aka yi don wannan aiki. Wani jami'in rediyo a filin jirgi na Croydon a Landan, Frederick Mockford, shi ya samo ta daga Faransanci, aka amince da ita a duniya a 1927. Kalmar "priority", wato fifiko, da mataimakin ya yi amfani da ita ba ta cikin wannan jeri. Tun daga farkon shawagi har faɗuwa, ba a ji ɗaya daga cikin kalmomin biyu daga jirgin ba.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne wata musaya da aka yi dab da ƙarshe. Jami'in ya ce zai kai su mil 15 arewa maso gabas kafin ya juyo da su, ya tambaya ko mansu zai isa. Mataimakin ya amsa cewa yana jin zai isa, har da godiya. Ladabi ne irin na baƙon da ba ya son ya matsa wa mai gida. Mintuna kaɗan bayan haka injinan suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora babban laifin a kan matuƙan, saboda rashin lura da mai da rashin ayyana gaggawa. Ta kuma ambaci yadda aka tafiyar da cunkoson jirage a ranar, da rashin tsayayyun kalmomi da kowa ya fahimta kan ƙarancin mai. Ni dai ina ganin jami'in da ya ji "mai yana ƙarewa" ya kamata ya tambaya saura minti nawa.

Sai a 2012 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ta tsayar da lafazi ɗaya ga kowa. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da man ajiyarsa na ƙarshe zai ce Mayday sau uku, sannan ya ambaci mai.