Launin Dutse Daga Nesa

Da na fara koyon zane da fentin mai, Dutsen Wase na zaɓa. Na taɓa tsayawa a gindinsa, na san launinsa, saboda haka na dama baƙi da ƙasa-ƙasa na shafa. Da na ja da baya na duba, sai ga dutsen ya taso gaban itatuwa kamar zai faɗo mini. Fentin kuwa da tsada, ga shi ya tafi a banza.

Ga dalili. Tsakanin ido da dutse akwai iska da ƙura da hazo, su ne ke rage ƙarfin launi. Abin da ke nesa yakan koɗe, ya koma shuɗi-shuɗi. Watau sai a zuba fari da ɗan shuɗi cikin launin dutsen, a ajiye baƙi da kore mai ƙarfi domin abin da ke kusa.

A fara da sararin sama, sa'an nan dutse, ƙasa daga baya. Shafin farko ya zama tsinkakke, mai kauri a bisansa, in ba haka ba zanen yakan tsattsage. Fentin yakan yi kwanaki bai bushe ba. Da hunturu a juya fuskar zanen wajen bango. Nawa na biyu ƙura ce ta ci shi.