Kafson da Ke Ƙara wa Sanyi Ƙarfi

Ranar kasuwa a Talata Mafara, mace kan matsa kusa da mai sayar da magani, ta sassauta murya ta ce a ba ta "na sanyi". Ya ƙirga mata kafso, Ampiclox ko ja-da-yalo. Idan abin da ke damunta ƙaiƙayi ne da farin ruwa mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke, to ta sayo wa cutar taki ne da kuɗinta.

Wannan nau'in sanyi, ƙwayar kandida ke kawo shi, dangin yis ɗin burodi. Ba a masai ake ɗaukarta ba, duk da yadda aka sha faɗa. Tana zaune a jikin mata da yawa lami lafiya, domin akwai ƙwayoyi masu amfani da ke tsare gaban mace da ɗan tsami. Irin wancan kafso ba ya taɓa kandida. Masu gadin yake kashewa, ita kuwa ta samu fili ta yaɗu. Kusan mace 3 cikin 4 kan gamu da wannan sanyi ko sau ɗaya a rayuwa, don haka ba shaidar ƙazanta ba ce, balle a zargi wani.

Juna biyu ma na jawo shi, saboda sauyin sinadaran jiki. Haka ciwon suga da ba a kula da shi ba, da duk abin da ya raunana garkuwar jiki. Wadda sanyi ke komo mata sau 4 a shekara, gwajin suga ya fi mata wani zagayen kemis.

Sai namu na gida: wankin ciki da sabulu mai ƙamshi ko Dettol, da matsin kayan mata, duk suna kore tsamin nan. Ga zafin bazara na Afrilu, ga wandon leda ƙarƙashin zane. Na auduga ya fi.

Amma ba kowane ƙaiƙayi ne kandida ba. A Maradun da Bakura, inda ruwan madatsar Bakolori ke bin magudanan noman rani, tsargiya kan kama gaban mace ta yi kama da sanyi, maganinta kuma daban ne. Gwaji a asibiti ke rarrabewa. Mai ciki kuwa, ko da kandida ce, kada ta haɗiyi maganinta na fluconazole da kanta. Na cusawa irin clotrimazole likita kan rubuta mata.