Gishirin Da Muke Watsa Wa Ƙanƙara, Ina Yake Zuwa?

Duk wanda ya kwana biyu a Washington da kewayenta, tun daga Silver Spring har Alexandria, ba zai manta da watan Fabrairun 2010 ba, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe birnin ruf, har ofisoshin gwamnatin tarayya suka yi kwanaki a kulle. An kuma maimaita irinta a Janairun 2016. Da zarar haka ta faru sai mu ɗauko shebur da buhun gishiri. To amma mu nawa ne muka san aikin da gishirin nan yake yi?

Narkewa dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun ga man shanu ya narke a rana, mun ga maƙera a Kano suna narkar da gwangwanaye su zuba tukwane. Kowane daskararren abu ƙananan ƙwayoyinsa a jere suke, sun riƙe juna tamau. Zafi ne ke sa su motsi har riƙon ya saki, abin ya zama ruwa. Kowanne kuwa da nasa mizanin: ƙanƙara a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, alminiyam sai ya kai 660.

Ƙanƙara tana cin zafi ba kaɗan ba kafin ta narke. Zafin da zai narkar da kilo ɗaya, shi ne zai ɗaga ruwan da ya fito daga digiri 0 zuwa kusan 80. Shi ya sa tulin da ake tarawa a wuraren ajiye motoci kan yi makonni ko da rana na fitowa.

Shi gishiri ba zafi yake kawowa ba. Narkewa yake yi cikin ɗan ruwan da ke saman ƙanƙarar, ruwan gishiri kuwa ba ya daskarewa a digiri 0, sai ƙasa da haka. Amma idan sanyi ya wuce digiri 9 ƙasa da sifili, ƙarfinsa ya ragu ainun, ƙarin da za a yi asara ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne, gishirin ba ya ɓacewa. Yana bin magudanu zuwa Rock Creek da kogin Anacostia, ya ƙare a Potomac, inda yawancinmu ke samun ruwan sha. Hukumar WSSC Water, mai ba gundumomin Montgomery da Prince George's ruwa, ta sha bayyana cewa gishiri na ƙaruwa a kogin, kuma tacewar da ake yi ba ta cire shi. Wannan abin lura ne musamman ga 'yan uwanmu masu hawan jini.

Dokar birnin Washington ta ce a share gaban gida cikin sa'o'i 8 na hasken rana bayan dusar ta tsaya. Saboda haka mu fara da shebur tun ba ta daskare ba, mu barbaɗa gishiri kaɗan, sannan mu share wanda ya rage mu adana. Wanda muka bari a ƙasa, wata rana a famfo za mu same shi.