Yaron da Ƙwai Bai Karɓa Ba a Garin Kaji

Sanyin Jos ya karɓi kiwon kaji, shi ya sa ake lodin ƙwai kiret-kiret daga Filato zuwa wasu jihohi. Ga yaro mai borin ƙwai kuwa, wannan albarka jarrabawa ce ta kullum.

Garkuwar jikinsa ce ke ɗaukar sinadarin gina jiki da ke cikin ƙwai, musamman farin, a matsayin abokin gaba. Cikin mintuna, ko awa ɗaya zuwa biyu, sai ƙaiƙayi, fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, wani har da amai. Idan murya ta shaƙe, ko numfashi ya sarƙe, ko yaro ya yi laushi, ba lokacin Piriton ba ne. Allurar adirenalin ake buƙata, a ruga asibiti mafi kusa, kada a ce sai an kai asibitin JUTH a Lamingo.

Dafaffen ƙwai kowa na ganinsa. Wanda ya ɓuya ne abin tsoro: a kek, a mayonis ɗin salak na biki, a cincin, a tsakiyar alale, har a ƙyallin bayan mitfai, domin da ƙwai ake shafe shi kafin gashi. Mai shayin Terminus ko Bukuru da kasko ɗaya yake soya ƙwai ya dafa Indomie, da cokali ɗaya. Cewa “ban da ƙwai” bai wadatar ba, sai an wanke kaskon. A ganina kunyar tambaya ta fi cutar da yaran nan, musamman a gidan dangi, inda uwa ke jin nauyin ce wa surukarta, “Hajiya, akwai ƙwai a ciki?” Gara ta tambaya. Malaman makaranta ma a sanar da su.

Kada kuma a ruɗu da ƙwan salwa da ake tallarsa kamar magani, ko na zabi da na agwagwa. Sinadaransu sun yi kama da na kaza, sau da yawa borin ɗaya suke tayarwa.

Rigakafin cutar shawara da ake yi wa jariri a wata 9 a cikin ƙwai ake sarrafa shi, don haka a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya tun kafin allura. Na ƙyanda kuwa a yi shi, borin ƙwai ba ya hanawa.

Yara da yawa kan rabu da borin in sun tasa. Amma gwada ko ya wuce aikin likita ne a asibiti, ba na kaka a tsakar gida ba.