Kada ku tura kuɗin shat ɗin da ba ku gani ba

Ɗalibai da ma'aikatan Muchia, Samaru da Sabon Gari, ku saurara tun kafin abin ya ci mutane da yawa. Akwai tallar da ke yawo a wayoyinmu, a Facebook da Instagram da TikTok, daga nan ta faɗo zaurukan WhatsApp: farar shat mai dogon hannu, wai 'yar Turkiyya ko Ingila, an zabtare kashi 70 cikin ɗari, uku a kuɗin ɗaya, har da kyautar laktaye, amma rangwamen zai ƙare ƙarfe 12 na dare. Don Allah kada kowa ya tura ko kwabo.

Masu wannan sana'a sun san garin da suke jefa wa ƙugiya. Zariya gari ne na masu buƙatar shat. Ɗalibin shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello bai da makawa sai farar riga da baƙin wando. Masu koyon aikin likita a asibitin koyarwa na Shika, da ɗaliban kwalejin jiragen sama, da mai shirin tsayawa gaban malamai ya kare aikin bincikensa a Samaru, da wanda banki ya kira ganawar neman aiki, duk shigar ɗaya suke nema. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 kuwa, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Wanda aljihunsa ya yi sanyi, in ya ga araha ido rufe yake bi.

Ɗan yayata ya faɗa ramin, shi ya sa nake wannan rubutu da zafi. Ya ga tallar, ya kai ta zauren ajinsu, ya ce a haɗa kuɗi a yi oda ɗaya don kuɗin mota ya yi sauƙi. Abokansa suka tura masa, shi kuma ya tura wa mai shafin. Bayan kwana biyu aka ce kaya sun iso tasha, sai ya ƙara na direba. Ya ƙara. Daga nan lambar ta daina shiga, shafin ya sauya suna. Yanzu yaron da ko zare bai gani ba shi ake bi bashi, har wasu na yi masa kallon ɓarawo. Na tambaye shi, "Kai yanzu ko sunan shagon ka sani?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, hotunan ne suka yi kyau." Nan ne inda abin ya fi ba ni tsoro: ɗan damfara ba ya bin mutum ɗaya ɗaya, amanar da ke tsakaninku yake hawa, ta bakin wanda kuka yarda da shi yake shigo muku.

Wani lokaci kayan kan iso, amma sai ka buɗe leda ka ga abin takaici. An ce auduga zalla, sai ga yadin leda mai ƙyalli wanda in ka sa shi a zafin watan Afrilu kamar an rufe ka a buhu. Ka ce kwala 16, an aiko 14. Wasu ma gwanjo ne aka wanke aka goge aka naɗe. Mayarwa kuwa babu hanya, don babu adireshi.

Mafi muni shi ne shafin da ya kwaikwayi fuskar manyan kasuwannin intanet irin su Jumia ko Konga, ya ce ka zuba lambar katinka, da lambar sirri, da lambar da banki zai turo maka ta saƙo. Wannan ba kuɗin shat yake so ba, duk abin da ke asusunka zai kwashe. Babu mai sayar da riga na gaskiya da ke da hurumin tambayar waɗannan lambobi ko lambar BVN ɗinka.

Ban ce kowane mai sayarwa ta intanet maƙaryaci ne ba. Akwai 'yan kasuwa na kirki, har da ɗalibai masu neman na sabulu. Amma na kirki ba ya tsoron a biya shi bayan kaya sun zo hannu. Ka ce ya kira ka ta bidiyo ya ɗaga rigar, ya nuna ɗinkin kwala da maɓallai. Ka duba ko sunan da ke kan asusun ya yi daidai da na shagon. In ya ce lallai sai kafin alƙalami, kuma yanzu-yanzu, to cinikin biri a sama ne, ka janye. Kasuwar Sabon Gari ga ta nan kusa da Muchia, ka taɓa yadi da hannunka, ka gwada, ka taya. Tela ma zai auna ka ya ɗinka maka daidai wuyanka.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa a ranar, da shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya nemi a bi sawun kuɗin, sannan ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC. In kaya ne aka aiko ba yadda aka yi alkawari ba, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar koke. Kuma ya koma zauren da ya tura tallar ya goge ta, ya rubuta a fili cewa damfara ce, don a daren nan akwai wanda ke shirin tura nasa kuɗin.