Kibiritu a Cikin Ƙarfen Sama

Idan aka yanka ƙarfen nan da yakan faɗo daga sama aka goge shi, sau da yawa akan tarad da waɗansu dunƙule-dunƙule masu launin tagulla a tsakiyarsa. Sunan wannan ma'adini tiroyilait, don tunawa da Domenico Troili, wanda ya ba da labarin dutsen da ya faɗo a Albareto ta ƙasar Italiya a 1766.

Haɗinsa ƙarfe ne da kibiritu, watau farar wuta, ƙwayar zarra ɗaya ta wannan ga ɗaya ta wancan, ba ragi. Ɗan'uwansa da ake haƙowa a ƙasa kullum da giɓin ƙarfe a jikinsa, shi ya sa maganaɗisu yake jansa, amma ba ya jan na sama.

Asalin dunƙulen kuwa, ƙarafan nan galibi ɓarɓashin cibiyar waɗansu ƙananan duniyoyi ne da suka narke tun farkon zamani. Ƙarfe tsantsa yakan daskare a zafin digiri 1,538 a ma'aunin Salsiyas, amma in ya gauraya da kibiritu sai ya jure har wajen 988. Saboda haka sa'ad da cibiyar take hucewa, ƙarfe da nikel suka riga daskarewa, suka yi ta ture kibiritu cikin sauran ruwan, har ya taru a lungu-lungu ya sandare daga baya. Inda akwai kuromiyam, yakan fito cikinsa siri-siri a matsayin wani ma'adini dabam, dobirelait.

Muhimmancin abin yana ga abokan tafiyarsa. Dalma tana son kibiritu, ta bi shi. Yuraniyam kuwa, wanda yake rikiɗa ya zama dalma a hankali, ba ruwansa da shi, dutse ya bi. Ke nan dalmar da ke cikin dunƙulen tana nan kusan yadda take tun ran da ta shiga, ba a ƙara mata sabuwa ba.

Da wannan Clair Patterson ya yi aiki. Ya auna dalmar tiroyilait na ƙarfen Canyon Diablo, a jihar Arizona ta Amurka, ya gwada ta da ta waɗansu duwatsun sama da ta lakar ƙarƙashin teku, sa'an nan a 1956 ya bayyana cewa shekarun duniya sun kai miliyan 4,550. Awon da aka yi ta yi bayansa bai gusar da adadin nan ba sai kaɗan.